Zanen zambo a kan auren sarakunan Turai: yadda aka yi shi, da abin da zai yiwu a nan

Wani ɗalibin zane-zane daga Samaru ya rubuto yana tambaya: "Malam, ina haɗa aikin kammala digiri a kan yadda masu zanen barkwanci na Turai suka riƙa zana sarakunansu, musamman a kan aurensu. Yaya suke yin zanen, me ya sa ba a hana su ba, kuma in ina so in gwada irinsa da misalan ƙasarmu, ta ina zan fara?"

Ɗan'uwa, mu fara da sunan abin. 'Yan jarida sukan ce zanen barkwanci, amma zambo ya fi dacewa da shi. Barkwanci a yi dariya ne a tashi. Zambo kuwa yana da wanda aka nufa, kuma yakan ɗauki wata kama ta gaskiya a jikin mutum ko a halinsa ya hura ta har kowa ya gani. Kalmar da Turawa ke kiran wannan zane da ita ma, wato caricature, daga Italiyanci ta fito, asalinta ɗora wa abu kaya fiye da kima.

Abin da zai riƙe maka aikin gaba ɗaya shi ne ka gane cewa waɗannan zane-zane, ko da sun nuna gado da labule, maganar baitulmali suke yi da maganar wanda zai gaji sarauta. A Ingila ta wancan zamani majalisa ce ke yanka wa 'ya'yan sarki kuɗin shekara daga harajin talakawa, doka ce ke faɗin wadda za su aura, kuma ɗan da aka fara haifa a halastaccen aure shi ne sarkin gobe. Saboda haka auren Yarima sha'anin mulki ne, kuma mai biyan haraji yana ganin yana da bakin magana a ciki.

Ɗauki Yarima Joji, babban ɗan Sarki Joji na Uku, domin babu wanda ya sha zane kamarsa. A watan Disamba 1785 ya auri wata bazawara 'yar ɗarikar Katolika, Maria Fitzherbert, a ɓoye. Auren ya ci karo da dokoki biyu: ta 1772 wadda ta ce ɗan gidan sarauta ba ya aure sai da yardar sarki, da ta 1701 wadda ta hana sarauta ga duk wanda ya auri 'yar Katolika. A majalisa abokansa suka musanta cewa an yi auren. Masu zane kuwa suka zana ɗaurin auren tun 1786, da fuskokin mutanen da kowa ya sani. Abin da jarida ke tsoron rubutawa da baƙi, hoto ya faɗe shi.

Shekara goma bayan haka bashi ya kai masa wuya, ya haura fam 600,000. Hanyar da ta rage masa ita ce ya yi auren da doka ta yarda da shi, majalisa ta ƙara masa kuɗi. Sai aka nemo masa 'yar yayar mahaifinsa daga Jamus, Karolin ta Brunswick, aka ɗaura aure ranar 8 ga Afrilu 1795. Wajen wata uku kafin bikin mai zanen zambo James Gillray ya zana Yarima yana barci yana mafarkin amarya, ga mahaifinsa riƙe da jakar kuɗi, ga 'yan caca da tsofaffin ƙawaye ana kora su waje. Ka lura da jakar. Ita ce zanen. Amarya rakiya kawai ta yi. Haka ya sake yi a Mayu 1797 da aka aurar da babbar 'yar sarki ga Yariman Württemberg, mutum mai tsananin ƙiba. Ido yakan fara sauka a kan tumbin ango, amma a cikin 'yan rakiya ga Firaminista Pitt ɗauke da buhu an rubuta fam 80,000 a jikinsa, kuɗin garar da majalisa ta amince a biya. Ƙibar ta jawo mai kallo, lambar ta gaya masa abin da ya shafe shi.

Akwai tagwayen zane guda biyu na Gillray daga Yuli 1792 da ya kamata ka zauna da su sa'o'i, domin duk dabarar sana'ar tana cikinsu. A ɗaya Yarima ne ya baje a kujera bayan cin abinci, yana sakace da cokali mai yatsu, maɓalli ɗaya ne ya rage yana riƙe da rigarsa. A bayansa takardun bashin da ba a biya ba an danne su da fo ɗin fitsari, a ƙasa ga 'ya'yan caca, a gefe ga kwalaben magani, ta taga kuma ana hango ginin gidansa da bai ƙarasa ba. A ɗayan iyayensa ne: sarki yana cin dafaffen ƙwai, sarauniya tana cin ganye, wandon sarki da faci, murhu babu wuta. Ɗa ya yi almubazzaranci, uba ya yi rowa, kuma dukkansu kuɗin jama'a ne a hannunsu. Fuskokin ba a karkace su sosai ba. Kayan ɗakin ne ke ba da shaida, ɗaya bayan ɗaya, kamar masu gabatar da ƙara a gaban alƙali. Ɗalibai da yawa suna zaton gwanintar tana wurin tsawaita hanci. A'a, tana wurin zaɓen abin da za a ajiye a kan tebur.

Wani zanen nasa na Janairu 1792 ya nuna iyakar abin da ake iya ragewa. Ƙanen Yarima, wanda ke riƙe da sarautar York, ya auro gimbiya daga Prussia, jaridu suka yi ta kambama ƙanƙantar ƙafarta har abin ya gundura. Gillray ya zana ƙafafu huɗu kawai a bakin gado, manyan takalma na namiji da 'yan ƙanana na mace, babu fuska ko ɗaya. Zanen yana da rashin kunya, ba zan ɓoye maka ba, kuma ba abin da zan so ka kwaikwaya ba ne. Amma waɗanda aka nufa da shi 'yan fadancin jarida ne, kuma ya tabbatar da cewa ana iya gane mutum sarai ba tare da an zana fuskarsa ba. Riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yanzu yadda ake yin aikin da hannu. A Landan ta lokacin a kan farantin jan ƙarfe ake yi. Ana goge farantin ya yi sumul, a cire masa duk wani maiƙo, a ɗumama shi, a shafe shi da siririn haɗin kakin zuma da kwalta da ƙaro, sannan a turara shi da hayaƙin kyandir ya yi baƙi don a riƙa ganin layi. Mai zane sai ya karce kakin da allura, ba ƙarfen ba. Komai a juye yake zana shi, har rubutun da ke fita daga bakin mutane, domin takarda za ta mayar da dama hagu. Daga nan a tsoma farantin cikin asid da aka sirka da ruwa, asid ɗin ya ci duk inda allura ta buɗe. Layin da ake so ya tsaya siriri sai a fito da faranti a rufe shi da fenti mai hana asid, a sake tsomawa, sauran layukan su ƙara zurfi. Sau uku ko huɗu ana haka kafin a sami haske da duhu. Bayan nan a wanke kakin, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, a bi ta cikin injin matsi. Launi kuwa da hannu ake sa shi, takarda ɗaya bayan ɗaya, da fentin ruwa.

Wuraren da aikin ke lalacewa sanannu ne. In maiƙon yatsa ya rage a faranti, kakin ba ya kamawa, asid ya shiga ta ƙarƙashi ya yi ɗigo-ɗigo a inda ya kamata ya zama fari. In layuka sun yi kusa da juna ƙwarai, asid yakan cinye bangon da ke tsakaninsu, wurin ya fito toka-toka maimakon baƙi. Kumfar da ke tasowa a kan layi tana hana asid aiki, shi ya sa ake share ta da gashin tsuntsu. Takarda in ta bushe ba ta shiga rami ta ɗauko tawada, in kuma ta jiƙe da yawa sai ta manne ta yage. In za ka gwada wannan a ɗakin aikin sashenku, asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba, a wuri mai iska, da safar hannu da gilashin ido, kuma ƙarƙashin kulawar mai kula da ɗakin. Jan ƙarfe yana da laushi, matsi yana cinye layukansa, don haka ɗaruruwa kaɗan ake bugawa kafin faranti ya gaji. Ana sayar da baƙi da fari wajen sule ɗaya, mai launi wajen sule biyu, wato kusan kuɗin yinin lebura. Masu hali ne ke saye. Talaka a tagar shago yake kallo, musamman shagon Hannah Humphrey da ke buga wa Gillray, inda mutane kan taru a bakin titi.

Wannan ƙarancin yana cikin dalilan da suka sa hukuma ta fi kawar da kai. Dalili na biyu shi ne, in ka kai hoto kotu dole lauyan sarki ya tsaya gaban jama'a ya fassara abin da hoton ke nufi, ya rantse cewa wannan mai tumbin ubangidansa ne. Sai fada ta gwammace ta saya. Gillray ya karɓi fanshon gwamnati na fam 200 a shekara daga 1797, alƙalaminsa ya fi karkata ga Faransa da 'yan adawa. A 1820 aka ba wani mai zanen, George Cruikshank, fam 100 bisa alkawarin ba zai ƙara zana sarki cikin halin rashin ɗa'a ba. Ka sa wannan cikin aikinka, domin mai zanen zambo ba waliyyi ba ne, kuma toshiyar baki ta fi kurkuku kashe shi.

Shekarar 1820 ita ce ƙololuwa. Joji na Uku ya rasu a Janairu, Yarima ya zama Joji na Huɗu, Karolin da suka rabu tun bayan haihuwar 'yarsu a 1796 ta komo daga Italiya tana neman matsayinta na sarauniya. Sarki ya sa aka kai ƙuduri majalisar dattawa don a raba auren a tuɓe ta, bisa zargin alaƙa da wani baranta ɗan Italiya, Pergami. An kawo takardun shaida cikin korayen jakunkuna, nan take koriyar jaka ta zama alama. Cruikshank ya zana mijin da matar kowanne cikin tasa jakar, ta sarki ta fi girma nesa ba kusa ba. Shi da mawallafi William Hone kuma suka fitar da ƙasida mai arha tare da ɗan tsani na kwali mai hawa 14, kowane hawa da matakin da auren ya bi. A karatu na uku ƙudurin ya tsallake da ratar ƙuri'a 9 kacal, gwamnati ta ga ba zai kai labari ba ta janye shi a Nuwamba. Duk da haka an rufe mata ƙofa ranar naɗin sarauta, 19 ga Yuli 1821, ta rasu ranar 7 ga Agusta.

Kada ka rubuta wannan labari kamar masu zane duk bayan gaskiya suke. A 1821 ɓangaren sarki ma ya sami masu zane da suka fitar da jerin hotuna na tozarta Karolin, jikinta da mutuncinta. A Faransa abin ya fi muni. Mari Antuwanet, matar Sarki Luwi na 16, ta yi shekara takwas da aure, daga 1770 zuwa 1778, kafin ta haihu, kuma ƙasidu da hotunan batsa suka yi ta bin ta da ƙarya har juyin juya hali. Bayan yunƙurin gudun da suka yi a Yuni 1791 aka koma zana Luwi na 16 da jikin alade. Duka biyun an sare kansu a 1793. Hoto bai kashe su ba, amma ya saba wa mutane kallon su kamar dabbobi. A ganina nan ne iyakar sana'ar take: zanen da ya nuna takardar bashi yana da hujjar da za a iya bincika, wanda kuwa ya shiga ɗakin mace ya ƙirƙiro abin da babu wanda ya gani ƙazafi ne da aka yi wa ado.

Faransa ta 1830 zuwa 1835 za ta ba ka ɓangaren kotu. A lokacin an sami bugu a kan dutse, wanda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a 1796. Ana zane kai tsaye a kan dutsen farar ƙasa da alli mai maiƙo, a shafe shi da ruwan ƙaro, irin wanda ake samu a jikin dakwara, da ɗan asid kaɗan. In an jiƙa dutsen, ruwa ya zauna inda babu maiƙo, tawada ta kama zanen kaɗai. Ya fi jan ƙarfe sauri da arha, sai zambo ya shiga jarida. A Nuwamba 1831 aka gurfanar da Charles Philipon, mai jaridar La Caricature, kan cin mutuncin Sarki Luwi Filif. A gaban kotu ya zana hoto huɗu a jere, fuskar sarki tana sauyawa kaɗan-kaɗan har ta zama fiyar Turai, mai siririn sama da faɗin ƙasa kamar gora. Hujjarsa ita ce in kama laifi ce, to har ɗan itacen sai a hukunta. An ɗaure shi wata shida da tarar faran 2,000, amma fiyar ta bazu a bangayen Paris, domin ko yaro zai iya zana ta da gawayi. Honoré Daumier shi ma ya sha wata shida a 1832 kan zanen sarki yana haɗiye jakunkunan haraji. A Satumba 1835 aka kafa doka cewa ba a buga zane sai hukuma ta duba. Abin bai tsaya a tarihi ba: a 2007 kotun Sifen ta sa aka kwashe mujallar El Jueves daga kasuwa kan zanen Yarima Felipe da matarsa, aka ci mutum biyu tarar Yuro 3,000 kowanne.

To, batun gwadawa a nan. Mu ba baƙi ba ne a zambo. Makaɗan fada sun daɗe suna yi wa 'yan sarkin da ke hamayya da ubangidansu, da siffa ba da suna ba. A wasan gauta matan cikin gida kan kwaikwayi sarki da hakimansa, a tashe yara kan kwaikwayi halayen manya, kuma wawan sarki yana faɗin abin da Waziri ba zai faɗa ba. Duk waɗannan suna da lokaci da wuri da mai izinin yi, kuma kusan dukkansu ba sa kama suna. A zanen jarida kuma Akinola Lasekan ya yi wa mulkin mallaka zambo a West African Pilot tun shekarun 1940. Ka yi babi guda a kan wannan gado, zai hana aikinka zama kwafin na Turawa.

Amma hujjar da Gillray ya tsaya a kai ba ta nan a auren sarakunanmu. A Zazzau masu zaɓen sarki ne ke duba 'ya'yan gidaje huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, gwamna ya tabbatar. Aure ɗaya ba ya yanke wanda zai hau. Matar sarki ba ta riƙe da muƙamin da majalisa ke yanka wa kuɗi, tana cikin gidanta. Mai zana ta ya taɓa mutuncin matar aure ne kawai, ba tare da wata maslahar jama'a ba. Akwai kuma matsalar sana'a: rawani da amawali sun rufe goshi da haɓa da baki, ido da hanci kaɗai suka rage, don haka dole ka koma ga laima da sanda da dogarai. Su kuwa waɗannan na sarautar ne, ba na mutum ɗaya ba. Ka nufi mutum guda, sai gida duka da gari duka su ji da su kake. Dokar final kod ta Arewa ta lissafa alama da hoto cikin hanyoyin ɓata suna, ana kuma kama mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024. A addini aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da laƙabi, ƙazafi kuma bulala 80 ne. Batun zana mai rai kuwa ka kai shi ga malamanka na fiƙihu.

Inda dabarar za ta yi maka aiki shi ne inda kuɗin jama'a ya haɗu da biki: ayarin motocin gwamnati a ɗaurin aure, jiragen da suka cika fili, titin da aka rufe, alhali asibitin unguwa babu magani. Nan ka tuna da takalma huɗun nan, ka bar fuska. Fara da jimla ɗaya a rubuce wadda za ka iya kare ta da takarda, kamar adadin da ke cikin kasafin kuɗi. Nemo abu ɗaya da zai ɗauki jimlar, akwatin lefe ko buhun gara ko katin gayyata, ka rubuta lambar a jikinsa. Yi ƙananan gwaji goma zuwa ashirin, kowanne bai fi kwalin ashana ba, kafin ka taɓa babbar takarda. In darasin fuska kake yi da mutanen tarihi kamar Joji, tara hotunansa biyar ko shida ta gaba da ta gefe, ka raba fuskar uku, goshi da hanci da haɓa, ka ga wane kaso ya saɓa wa na sauran mutane. Shi kaɗai za ka hura, ko shi da ɗaya. In ka faɗaɗa muƙamuƙi ka rage ƙoƙon kai, kamar yadda Philipon ya yi, domin in komai ya girma kama ta ɓace, sai dodo ya fito. Cike zanen da baƙi ka ga ko inuwarsa kaɗai tana magana. Rage shi zuwa girman fuskar waya. Sannan ka nuna wa mutum biyar ba tare da rubutun ƙasa ba. In uku ba su gane ba, laifin zanen ne, kuma ƙarin rubutu ba zai gyara shi ba. Kada rubutun ya wuce kalma takwas zuwa goma.

Hotunan da na ambata za ka same su kyauta a shafin intanet na gidan tarihin Birtaniya, da na ɗakin karatun majalisar Amurka, wanda ya sayi tarin kusan 10,000 daga fadar Windsor a 1921. Duba ƙasan kowane hoto: tun dokar Ingila ta 1735 ake rubuta ranar bugu da sunan mai shi, don haka kana iya haɗa zanen da abin da majalisa ta tattauna a makon. Ka kuma yi hattara da bugun da mawallafi Henry Bohn ya sake yi da farantan Gillray wajen 1850. Yawanci suna da lamba a kusurwa, an buga su gaba da baya, launinsu kuma daga baya aka sa, saboda haka kada ka kafa hujja da launin riga ko na jaka sai ka tabbatar bugun farko ne a gabanka.